Kafin Makarantu Su Ɗebi Yaranmu Zuwa Abuja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da shugabannin makarantu da iyayen yara da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina, a kan ziyarar gani da ido da ake kai ɗalibai Abuja.

Duk shekara za ka ga an ba yara takarda su kai gida, a kawo kuɗin tafiya babban birnin tarayya. Iyaye su matse su biya. Bayan kwana uku yara su dawo a jigace, da hotunan da suka ɗauka a ƙofar babban kanti da wurin lilo. Ka tambayi yaro me ya gano a kan tarihin ƙasarsa, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifin yaron ba ne, kuma malaman da suka raka shi ba mugun nufi gare su ba. Rashin sanin halin Abuja ne ya jawo.

Abuja sabon gari ne. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni, kwana goma bayan nan aka kashe shi a Legas, kuma gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai ranar 12 ga Disambar 1991. Don haka manyan kayan tarihin ƙasar nan ba a can suke ba. Motar da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas. Kayan yaƙin basasa suna Umuahia. Kabarin Tafawa Ɓalewa yana Bauchi. Babbar cibiyar al'adu mai doguwar hasumiya da aka fara ginawa a tsakiyar Abuja ta shafe shekaru ba a kammala ta ba. Abin da Abuja ke da shi na tarihi kaɗan ne, yana da daraja ƙwarai, amma kusan dukkansa a bayan ƙofa mai gadi yake. Wanda ya je ba takarda, waje zai tsaya. Daga nan ne malami ke rasa inda zai kai yara arba'in da rana tsaka, sai a zarce kanti.

Shawararmu ta farko ita ce kada a kai yaro Abuja alhali bai ga abin da ke cikin birnin Katsina ba. Ba kishin gida ya sa muka faɗi haka ba. Labarin da ake so yaro ya gani a Abuja daga nan ya faro. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, ita ce yanzu gidan tarihi na ƙasa a garin nan. A cikin waɗannan ɗakuna na ƙasa da azara Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, haka Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita da Abubakar Imam. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Malami ya tsayar da yara a cikin ɗaya daga ɗakunan, ya zaro takardar naira 5 da ta naira 200 daga aljihu, ya ce musu mutanen da ke jikin kuɗin nan a wannan gida suka koyi lissafi. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga wannan ba zai sake ɗaukar Firayim Minista da Firimiya a matsayin sunayen haddar jarrabawa ba.

Yini ɗaya ya ishi birnin Katsina in an tsara. A fara da gidan tarihi da ƙarfe tara, kafin rana ta yi zafi. Daga nan Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, kuma tun 1959 take cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Sai Ƙofar Soro da Gidan Korau, in an nemi izinin fada tun da wuri. A rufe da ƙofofin gari, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, yaro ya ga abin da ya rage na ganuwa, ya tambayi kansa ina sauran ya tafi. Ginin ƙasa yana da dokokinsa, kuma wajibi ne a faɗa wa yara tun a cikin mota: ba a jingina da bango, ba a kankare yaɓe da farce, ba a rubuta suna. Idan mai kula da Gobarau ya yarda a hau, kada a wuce yara huɗu ko biyar a lokaci guda, malami ɗaya a gaba, ɗaya a ƙasa, domin matakalar ba ta da faɗi, kuma turereniya ita ke jawo faɗuwa. Da damina, musamman washegarin ruwan sama, a tsaya a kalla daga ƙasa. Makarantar da ke da hali ta ƙara yini na biyu, ta je Daura ta ga Rijiyar Kusugu, ta bi ta ƙasar Mani ta ga tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi, inda aka yi tono a 1907 da kuma 1992, aka samu kayan ado da na ƙarfe da suka nuna Katsina na cinikayya da ƙasashe masu nisa tun ƙarnoni da suka wuce. 'Yan firamare da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan ya kamata su tsaya. Tafiyar Abuja ta manya ce, daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama.

Shawara ta biyu: Kaduna ba wurin tsayawa shan mai ba ce kawai. Ita ce hedikwatar Arewa a da, kuma a kan hanya take. Gidan Sardauna, wanda ake kira Arewa House, yana nan a kan titin Rabah, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an kuma kafa shi a matsayin cibiyar binciken tarihi a 1970. A wannan wuri aka kashe Sardauna a daren 15 ga Janairun 1966. Akwai kuma gidan tarihi na ƙasa a kan titin Ali Akilu, inda yara za su ga sassaƙen yumɓu na Nok. Wanda ya wuce Kaduna a guje ya tsallake rabin darasin, domin ranar 15 ga Janairu ce za ta sake tarar yaran a Abuja.

A Abuja wurare huɗu muke ganin sun cancanci wahalar tafiya.

Na farko shi ne wurin tunawa da 'yan mazan jiya, inda kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba yake, daura da Dandalin Eagle. A nan Shugaban Ƙasa ke ajiye furanni duk ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda ake yi a Ingila, aka mayar da shi wannan rana. Malami ya haɗa wa yara zaren: a 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a Yulin 1967 yaƙi ya ɓarke, a 15 ga Janairun 1970 aka ajiye makamai. Wurin yana cikin unguwar da ta haɗa Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dokoki da Kotun Ƙoli, saboda haka sojoji ke gadi. Kada kowa ya ɗaga waya sai an tambaya an ba da izini, kuma kada a ɗauki hoton jami'in tsaro ko shingen bincike ko da an yarda a ɗauki na wurin. Yaro ɗaya mai rawar kai ya isa ya sa a tsare mota awa biyu. Makonnin farko na Janairu, da kusa da 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, ana atisayen fareti ana rufe hanyoyi, a kauce musu.

Na biyu Cibiyar Shehu Musa 'Yar'adua. Ga ɗan Katsina wannan wuri ba baƙo ba ne. Tafidan Katsina, wanda aka haifa a garin nan a 1943, ya yi yaƙin basasa, ya zama na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, aka ɗaure shi a 1995, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disambar 1997. Cibiyar tana da zauren nuni a kan rayuwarsa da ɗakin karatu. Amma wurin taro ne da ake haya, kuma ranar da ake babban taro ba wanda zai saurari 'yan makaranta. Sai an tambayi ranar da babu cunkoso.

Na uku gidan tarihin kuɗi da ke hedikwatar Babban Bankin Najeriya. A nan yara ke ganin kuɗin wuri da mundayen ƙarfe da aka yi ciniki da su, da fam da sule, har zuwa naira da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973. Banki ne, ba a faɗa masa kai tsaye, kuma a shirya wa bincike a ƙofa da barin jakunkuna a mota.

Na huɗu Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Ba gidan tarihi ba ce, amma yaron da ya zauna a benen 'yan kallo ya ga sandar majalisa ta shigo ya fahimci abin da littafin darasin Gwamnati ya kasa fahimtar da shi a zango guda. Ana zama ne daga Talata zuwa Alhamis, kuma daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba suna dogon hutu. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta ofishin ɗan majalisar mazaɓar da makarantar take. Babban Masallacin Ƙasa yana kusa, a yi azahar a can a huta, amma ban da Juma'a idan ana tare da yara masu yawa, domin a cikin wannan taro ɓatan yaro ba wuya.

Yanzu maganar takarda, wadda ita ce ƙashin bayan tafiyar. Kowane wuri da wasiƙarsa daban, a kan takardar makaranta mai hatimi, a aika mako shida kafin tafiya. A rubuta ranar da ake so da wata ranar madadinta, da adadin ɗalibai da shekarunsu, da sunayen malamai da lambar wayar jagora. A buga kwafi biyu, a sa wani ya kai hannu da hannu, tsohon ɗalibi ko ɗan uwa da ke Abuja, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi ɗaya ya dawo da shi, ya kuma karɓi suna da lambar wanda takardar ta faɗa hannunsa. Yawancin tafiye-tafiyen da suka lalace a nan suka lalace: an aika wasiƙa, ba a bi sawu ba, an ɗauka shiru amincewa ce. A kira saura mako ɗaya, a sake kira ana gobe tafiya. Kada a karɓi kuɗin iyaye sai an samu amincewar aƙalla wurare biyu. A gida kuma a nemi izinin ofishin ilimi da makarantar ke ƙarƙashinsa, kowane uba ya sa hannu a takardar yarda, ya rubuta lambar waya biyu da duk wata lalurar ɗansa, ko sikila ce ko asma ko farfaɗiya, da maganin da yake sha.

Daga Katsina zuwa Abuja ta Kano da Zariya da Kaduna tafiyar kusan kilomita 600 ce. Da bas cike da yara, da tsayawa salla da cin abinci da shingayen bincike, ba ta kasa awa goma. Wanda ya ce zai je ya dawo a kwana uku, kwana biyu a mota zai yi su, kuma dole ɗayan dare ya riske shi a hanya. Ba mu yarda a yi tafiyar dare da 'ya'yan mutane ba, ko da kuwa hanya lafiya lau take. Tsarin da muke ganin ya fi shi ne a tashi Litinin bayan gari ya waye a kwana Kaduna, Talata da safe a ga Gidan Sardauna da gidan tarihi a wuce Abuja kafin la'asar, Laraba gaba ɗaya da safiyar Alhamis a yi su a Abuja, a dawo Kaduna a kwana, Juma'a a iso gida. Kwana huɗu ke nan a waje, kuma mun san da tsada. Makarantar da ba za ta iya ba ta tsaya Kaduna ta dawo, babu abin kunya a ciki. 'Yan Daura su bi ta Kazaure su faɗa Kano. Ko ta Kano za a bi ko ta Malumfashi da Funtuwa, a tambayi 'yan sanda da direbobin tasha halin hanya a wannan makon, ba labarin watan jiya ba. Mai son yara su ɗanɗana jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja ya tuna cewa ta intanet ake sayen tikiti, kujeru na ƙarewa da wuri, kuma sai ya tanadi wata motar da za ta jira shi a Abuja.

Bas mai kujera 18 ɗalibi 16 da malami biyu take ɗauka, ba a ɗora kowa a cinya. Duk inda akwai 'yan mata dole da malama. Kafin a biya kafin alƙalami, malami ya je ya duba motar da idonsa: lasisin direba, takardun mota, safaya, jak, abin kashe gobara. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2321, mako na 23 ne a shekarar 2021. Taya ta tsufa ko da zanenta bai goge ba, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi da lodi ita ke fashewa. A rubuta yarjejeniya da mai mota, wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direba, wa zai biya kuɗin fakin, domin rigimar da ba a yi a Katsina ba a gefen titin Zuba za a yi ta. A ba shi rabi, sauran sai an dawo. Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tafiya a ware shi a hannun jagora saboda gyaran mota ko asibiti. Sunayen duk wanda ke cikin kowace mota a rubuta su kwafi uku, ɗaya ga direba, ɗaya ga jagora, ɗaya a bar wa shugaban makaranta. A ƙirga yara duk lokacin da aka hau mota, da kiran suna, ba da kallon kawuna ba. Kowane yaro ya sa kayan makaranta, da lambar wayar jagora a rubuce a aljihunsa. Idan an zo Dutsen Zuma yara za su yi ta roƙon a tsaya hoto. Sai inda direba ya samu fili ya sauka daga kan titi sosai, kuma ba mai tsallaka kwalta.

Ruwa kuwa, a lissafa leda biyar ta fiya-wata ga kowane mutum a yini, lita biyu da rabi ke nan. Mota mai mutum 19 har da direba tana shan jaka biyar a rana. Mai sikila a ƙara masa, a sa shi nesa da iskar taga, ya riƙe rigar sanyi. Abin da ya fi kwantar da yara a irin wannan tafiya gudawa ce daga abincin tasha, sai amai saboda jijjigar mota. A yi guzurin abin da ba ya lalacewa, burodi, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, dambun nama, a ci dafaffen abinci mai zafi a wurin da aka sani. Fura da nono a bar su sai an dawo. A riƙe ledoji na amai, da farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masauki kuma a kama shi tun daga gida, makarantar kwana ko masaukin baƙi da wani ya je ya gani, maza daban mata daban, malami a kowane ɓangare.

Duk wannan hidima saboda awa ɗaya da rabi ake yin ta, wato lokacin da yaro zai yi a cikin kowane zaure, kuma nan ma ana asara. Idan aka tura yara 40 bayan mai bayani ɗaya, goman gaba ne ke ji, sauran hira suke yi. A raba su goma-goma ko sha biyu, wasu su shiga wasu su jira a inuwa da malaminsu. Tun a wasiƙa a roƙi mai bayani da ke jin Hausa, in babu, malami ya riƙa fassarawa ba tare da jin nauyi ba, domin yaro yakan gyaɗa kai ga Turancin da bai gane ba. Mako guda kafin tafiya a koyar da darasin a aji, a ba kowane yaro takarda mai tambaya biyar da sai ya duba da idonsa zai iya amsawa: me aka rubuta a ƙarƙashin hoto kaza, da me aka yi kuɗin da ke akwatin farko, wace shekara ce a jikin allon. Biro da littafi a hannu, waya a aljihu har sai an fito. Ba a taɓa kayan nuni, domin gumi da man hannu suna cin ƙarfe da fata da tsohuwar takarda, ba a kuma haska su da fitilar kyamara. A tafiyar Abuja, wuri uku a yini shi ne iyaka. Na huɗu ƙafa ce kawai ke zuwa. A wurin tunawa da mamata a koya musu natsuwa irin ta maƙabarta, domin a cikin waɗanda ake tunawa akwai kakannin wasunsu. Idan an dawo, kowane yaro ya rubuta shafi ɗaya, a karanta mafi kyau a taron iyaye da malamai, iyaye su ga inda kuɗinsu ya tafi.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi shi ne, tunda an dawo da darasin Tarihi makarantu, ta sa ziyarar tsohuwar Kwaleji da Gobarau cikin aikin kowace makarantar da ke birnin Katsina da kewaye, Kusugu kuma ga na ƙasar Daura, ta kuma daina ba da izinin tafiya Abuja sai makaranta ta nuna takardun amincewa daga wuraren da ta ce za ta je. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da hukumar tarihi da al'adu ta jiha su buga takarda ɗaya da Hausa mai ɗauke da ranakun buɗewa da kuɗin shiga na ɗalibai da ofishin da za a kai wasiƙa, a raba wa shugabannin makarantu a farkon kowace shekarar karatu. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma kowa ya ware ma'aikaci ɗaya a ofishinsa da zai riƙa karɓar wasiƙun makarantun mazaɓarsa yana bin sawunsu a Abuja.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman Tarihi da Gwamnati,
Katsina.